Filin Girke-Girke: Dafa Tsoka a Ruwan da Bai Tafasa Ba

Kowace uwargida ta san takaicin tsokar da aka saya da tsada, aka aza a wuta, kana ta fito kamar ƙirgi. Akan ɗora wa mahauci laifi, alhali kuwa sau da yawa wutar ce ta yi yawa. Zaren nama yakan fara ɗaurewa tun zafi yana wajen digiri 50 na ma'aunin Salshiyos, in kuwa ya haura 66 sai ya takure ya matse ruwansa waje. Ruwa ba ya tafasa sai a digiri 100, watau ya wuce abin da tsoka mai laushi take bukata nesa ba kusa ba.

Masu girki na Faransa sun daɗe da gano haka. A shekarar 1974 wani kuku mai suna Georges Pralus, yana yi wa gidan abincin Troisgros na garin Roanne aiki, ya naɗe hantar agwagwa a leda ya dafa ta cikin ruwa mai ɗan zafi, sai ya ga ba ta narke ta ragu kamar yadda ta saba ba. Wani masani, Bruno Goussault, shi ya bi diddigin zafi da lokacin da kowane nama yake so. Sunan dabarar sous vide, ana faɗinsa su-bid, ma'anarsa an cire iska. Ta daɗe a manyan otal-otal, sai daga wajen 2009 aka fara sayar da ƙananan na'urorinta domin gidaje.

Ga yadda ake yi. A samu tsokar sa mai kaurin santimita 2 zuwa 3, a barbaɗa mata gishiri da masoro, a sa a ledar abinci mai kauri wadda bakinta yake rufuwa. A nitsar da ledar a ruwa sannu a hankali har iskar ta fice, kana a rufe. Na'urar tana maƙale a jikin tukunya, tana ɗumama ruwan tana juya shi, ba ta barin zafin ya hau ko ya sauka. Sa'a 1 zuwa 3 ta isa. Daɗin abin shi ne naman ba zai taɓa wuce zafin ruwan ba, saboda haka ko baƙi sun yi jinkirin sa'a guda ba abin da zai ƙone. Wadda ba ta da na'ura tana iya zuba ruwan zafi a babbar kula, ta riƙa dubawa da ma'aunin zafi tana ƙara ruwa. Amma fa ban da ƙiyasi da yatsa, ban da kuma ledar nan ta ƙulla alala.

To, sai batun zafin da za a zaɓa, nan kuwa ya kamata a yi hattara. Turawa sun fi son digiri 54 zuwa 57, inda cikin naman yake fitowa jaja-jaja. Wannan ya dace da inda likitan dabbobi yake duba kowane yanka. Inda ba a tabbatar da haka ba, naman sa yana iya ɗauke da ƙwayar tsila, don haka digiri 63 ya fi kwanciyar rai, laushin kuwa yana nan. Ƙasa da digiri 54 ƙwayoyin cuta suna iya yaɗuwa cikin ledar. Ashe ke nan idan aka ɗauke wutar lantarki har ruwan ya huce, kada a jira dawowarta: a fitar da naman a ƙarasa shi a murhu nan take.

Tsokar tana fitowa daga leda fari-fat, ba ƙamshi, ba ban sha'awa. Launin gashi ba ya samuwa sai zafi ya haura digiri 140, abin da ruwa ba zai bayar ba. Sai a tsane ta sarai da tsabtataccen ƙyalle, a ɗora kasko ya yi zafi jau da ɗan man gyada ko man shanu, a soya kowane gefe minti 1 kacal. Ruwan da ya taru a ledar kada a zubar; a tafasa shi da albasa da tafarnuwa a kwarara a kan naman.

Naman sa da ya sha tafiyar kiwo yakan yi jijiya, irinsa kuwa sa'a 3 ba ta yi masa komai. Yana bukatar sa'a 24 ko fiye a cikin ruwan, sai a gidan da yake da tabbacin wuta yini da kwana.