Kafin a Ɗora wa Kwamfuta Laifi

A ɗakunan kwamfuta na makarantu, ɗalibi kan rubuta kalmar sirri, sannan ya zauna ya zuba wa allo ido na tsawon mintuna. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne na'urar ta tsufa, a goge ta ko a sayi sabuwa. Sau da yawa wannan gaggawa ce mai cin kuɗi a banza.

A tsarin Windows, ana iya saita asusun mutum ta yadda bayanansa za su riƙa binsa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Idan ya shiga na'urar da bai taɓa amfani da ita ba, sai ta kwafo su duka daga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke adana su. Wanda ya jibge hotuna da bidiyo a asusunsa ya ƙara wa kansa jira. Haka nan idan jakar ajiyarsa tana nuni ga uwar garken da aka kashe ko aka sauya wa suna, na'ura za ta yi ta lalube har wa'adin jira ya cika.

Gwajin ba shi da wuya: a shiga da wani asusu a wannan kwamfutar. In ta buɗe nan take, matsalar tana ga asusun farko. Sai mai kula da tsarin ya gyara adireshin jakar, ya kuma mayar da manyan fayiloli inda ake buɗe su kai tsaye ba tare da kwafowa ba. Goge na'urar ba zai warkar da komai ba, domin saitin yana tare da asusun.