Ƙiba da Gwajin Jini: Mu Yi Namu Lissafin

Jama'a, a wurinmu tumbi alamar hutu ce, amma lissafi ya nuna akasin haka. A 1999 wani bincike a Amurka ya gano masu ƙiba sun fi yawan sinadarin CRP a jini, wanda hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki. Masana ƙididdiga sukan ware tasirin shekaru da shan taba kafin su ɗora wa kitse laifi. To, a Nijeriya zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP, don haka lissafin da ya manta da sauro zai ruɗe mu. A ganina, ɗalibanmu na likitanci da na ƙididdiga su haɗa kai su tattara bayanan mutanenmu. Zanen aro ba ya rufe katara.