A GYARA BIRKIN GABA KAFIN A TURA BABUR GIDA

Tun ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 2022, lokacin da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Apapa da Surulere, 'yan Arewa da yawa suka riƙa ɗora baburansu a manyan motoci suna turawa gida. Wasu daga cikin baburan nan a Jimeta ake sauke su, a unguwanni irin su Gwadabawa. Da yake tun a shekarar 2012 aka hana acaba cikin Yola da Jimeta saboda tsaro, yawancinsu ƙauye suke wucewa, ta hanyar Numan ko Song ko Fufore, su faɗa hannun ƙane ko ɗa, ya riƙa ɗaukar buhun masara da mace mai goyo a kansu.

Wanda ya tura babur ya yi zumunci, babu shakka. Sai dai abin tambaya shi ne halin da birkin gaban babur ɗin yake ciki sa'ad da ya bar hannunsa. Sau da yawa za a tarar an sake fenti, an sa sabon sirdi da ƙaho mai ƙara, amma hannun birki na dama idan an matsa sai ya taɓo kan babur ba tare da ya kama komai ba. Akwai ma masu sassauta shi da gangan, wai don birkin gaba kayar da mutum yake yi.

Wannan magana ta daɗe tana cin rayuka. Duk sa'ad da aka taka birki, nauyin babur da na mahayi da na kaya gaba yake komawa. Tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya kuwa ta yi sakayau, ta soma ja. Saboda haka ne malaman tuƙi suke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Haka kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake bukata ninkawa take yi huɗu. Wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai, ranar da saniya ta faɗo masa titi, ya bar mafi yawan ƙarfinsa a hannun da bai matsa ba.

To, yaya za a yi da tsohon babur? Yawancin waɗanda ake acaba da su, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da tsohuwar Honda CG125, birkin ganga gare su a gaba, watau wanda waya take jan takalma biyu su buɗe su goga cikin ganga. Irin wannan birki yana aiki idan an kula da shi. Matakin farko shi ne a kwance tayar, a share ƙura da maiƙon da suka taru, a sa sababbin takalma na ainihi, a sake wayar da ta miƙe ko ta soma tsinkewa, a duba ko gangar ta cinye ta wuce iyaka. Takalmin da mai ya jiƙa ba ya wankuwa, sai dai a jefar. Kuɗin wannan aiki duka bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Mai hali yana iya wucewa mataki na biyu, ya mai da birkin na faifai, wanda mai yake matsawa. Kamfanin Honda ne ya yaɗa shi a babur ɗinsa CB750 a shekarar 1969, ya kuma fi na ganga kamawa da saurin hucewa a gangare. Amma a nan ne ake yin ganganci. Birkin faifai ba faifai kaɗai ba ne. Yana tafe da nasa cibiyar taya, da ƙafar shokozoba mai mazaunin abin matsa faifan, da tukunyar mai a hannu, da bututu. Dole a samo su gaba ɗaya daga babur irin wanda ya dace. Makanikin da ya ce zai yi waldar ɗan ƙarfe a jikin tsohuwar shokozoba ya ɗaura abin a kai, a gode masa a wuce, domin waldar nan ce za ta ɗauki nauyin mutum biyu da kaya a lokacin da babu damar kuskure. Man birki kuma yana shan laima, saboda haka a riƙa sake shi bayan shekara biyu.

Masu tsoron birkin gaba suna da 'yar hujja. A kan yashi irin na bakin Binuwai, ko a kwana, wanda ya fizge shi da ƙarfi zai sha ƙasa. Maganin wannan koyo ne: a matsa a hankali, a ƙara ƙarfi sannu a hankali, a haɗa da na ƙafa, babur yana tsaye sak. Tayar gaba da ta suɗe kuwa tana ɓata kowane irin birki. Ƙasar Indiya, inda ake ƙera Bajaj, tun watan Afrilu na shekarar 2019 ta wajabta wa ƙananan sababbin babura birkin da ke haɗa gaba da baya.

Saboda haka kira ga 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal shi ne, duk mai niyyar tura babur gida ya gyara birkin gaba tukuna, ko ya haɗa da kuɗin gyara, ya kuma sa wani babba a gida ya tabbatar an yi. Sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba su riƙa tuna wa jama'arsu wannan. Wanda zai hau babur ɗin jininka ne, ya kuwa amince da abin da ka aiko masa. Allah Ya kiyaye hanya, amin.