Wanda ya sayar da inji, ya sayar da bayaninsa

Kwanan baya wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Maradi ta tare ni a ƙofar gidan rediyo da kukanta. Kuɗin adashenta ta kwashe ta saya ma ɗanta ƙaramin injin sassaƙa, irin wanda ke zana suna a kan katako ko roba, don ya samu abin yi. Wata biyu yana aiki lafiya lau. Ran nan wani abokinsa ya tura masa wani fayil ta salula, ya ce ya zuba ma allon injin zai ƙara sauri. Ya zuba, allo ya yi baƙi, har yau bai farfaɗo ba. Da suka koma wurin mai kanti, sai ya ce kaya ya riga ya fita.

Ga yadda abin yake. Waɗannan injuna, irin su 3018 mai filin aiki santimita 30 bisa 18, yawanci daga Sin ake shigo da su. Akwai mai zuwa da ɗan allon hannu kamar salula, wanda ake taɓawa a ba inji umurni ba tare da kwamfuta ba. A cikin allon akwai manhajar ciki, wato karatun da kamfani ya zuba masa. Shi ma injin yana da tasa, galibi GRBL, wadda wani ɗan ƙasar Norway, Simen Svale Skogsrud, ya soma a 2009, kuma kyauta ce. Dole biyun su fahimci juna. Lokaci lokaci kamfani yakan fitar da sabuwa don gyara kuskure. Ana sa fayil ɗin a katin memori, a soka a allo, a kunna. Amma kowane samfuri da nasa fayil. In aka zuba na wani, ko wuta ta ɗauke ana tsakar zubawa, allo na iya mutuwa.

Yaron ya yi garaje, gaskiya ne. To amma a ganina mai kanti ma yana da nasa laifi. Inji mai allo ba buhun shinkafa ba ne da za a ce ciniki ya ƙare da biyan kuɗi. Alhazai masu zuwa Guwanzu da Dubai, kafin ku ɗaure kaya ku tambayi lambar samfurin allon, da lambar manhajar da ke ciki, da inda kamfani ke ajiye sababbi. Ku karɓo ainihin fayil ɗin, ku taho da allo ɗaya ko biyu na canji. Wani zai ce wannan ɗawainiya ce, riba kuma kaɗan. Amma wanda injinsa ya mutu wata biyu da saye, ba zai sake aiko muku da kowa ba.

Ku kuma iyaye mata masu fitar da jari, matambayi ba ya ɓata. Ku sa mai kanti ya rubuta waɗannan lambobi a takardar ciniki. Ku gaya ma yara: injin da ke aiki lafiya a bar shi, kada a sabunta sai da dalili. In ta kama, a ɗauko fayil daga kamfanin da ya ƙera, a jona da batir ko sola, ba a lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.