Lafiya Uwar Jiki: Ciwon Kan Da Ya Ƙi Jin Magani

A wannan wata za mu yi magana a kan fumfuna. Kowace uwargida daga Batsari har Safana ta san fumfuna a jikin gyaɗa ko masara idan rumbu ya yi raɓa. To, wannan aba tana iya tsirowa a cikin kan mutum.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙashin kanmu akwai ƙananan koguna masu iska, kashi huɗu: na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da wanda ke can ƙurya bayan hanci. Likitoci suna kiran na ƙuryan nan sifinoyid. Jijiyoyin gani da manyan hanyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa suna bi ta gefensa. Kullum muna shaƙar irin fumfuna tare da ƙura, jiki kuwa yana fitar da shi cikin majina. Amma idan ƙofar kogon ta toshe, sai fumfunar ta taru ta dunƙule kamar curin daddawa. Wadda aka fi samu sunanta Asfajilus. Ba a ɗaukarta daga wurin wani.

Kada kowa ya tsorata, cutar ba ta da yawa. Yawancin ciwon kai daga zazzaɓin cizon sauro ne, ko mura, ko gajiya, ko hawan jini. Amma ku lura da ciwon da ke zaune a tsakar ka, ko bayan ido, ko ƙeya, har makonni, an sha farasitamol da kafso bai bari ba. Kafso ba ya kashe fumfuna. Idan kuma mutum ya fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko fatar ido ta sauko, ko gani ya dushe, to, ranar nan za a kama hanya. Kada a jira ranar kasuwa, kada a ɗura wani tsimi a hanci.

A fara da asibiti mafi kusa, a roƙi takardar zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Aminu Kano. Likita zai leƙa hanci da siririn madubi mai fitila, ya kuma sa a ɗauki hoton kai irin wanda ake kira siti sikan, gama hoton ƙashi na kullum ba ya nuna wurin sosai. Idan curi ne kawai, ta hanci ake shiga a buɗe kogon a wanke shi, ba a tsaga fuska. Yawanci an rabu da ita ke nan.

Masu ciwon sukari su ne abin ji. A jikinsu fumfuna takan ci nama ta kai ga ido cikin 'yan kwanaki. Haka ya faru a Indiya a 2021, inda wata irinta ta kama mutum fiye da 40,000 lokacin korona. Irin wannan sai aiki da gaggawa, da ƙarin ruwa mai magani na musamman.

Na san kuɗin mota da halin hanya sukan sa a yi ta haƙuri. Amma jijiyar gani in ta mutu ba ta dawowa. Maigida, in uwargida ko tsohuwa ta daɗe tana ɗaure kai da kallabi, tambaye ta. Masu sussuka da shiƙa kuma su riƙa rufe hanci da ƙyalle.