Na'ura ta faɗi abin da ke damunta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a kasuwar Shinkafi ko a Zurmi ya san takaicin na'urar da ta ƙi aiki ta nuna lamba kawai. Lamba 51 na nufin kuɗin asusu bai isa ba, 91 kuma bankin mai kati ne bai amsa ba, amma mutum nawa ne suka san haka? Irin wannan gajeren bayani yana nan har can ciki, wurin direba, wato ƙaramar manhajar da ke yi wa kwamfuta tafinta da firinta ko na'urar karanta kati. A tsarin kwamfuta na Linux, direba kan mayar da lamba guda, kamar EIO, ko waya ce ta tsinke ko na'urar ce ta lalace. Haka kuma, ranar 19 ga Yuli 2024, kuskuren sabuntawar manhajar kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows, jama'a suka wayi gari da shuɗin allo mai irin wannan gajeren bayani. A ganina, dole kowane saƙon kuskure ya faɗi abin da ya lalace, ko sake gwadawa zai yi amfani, da wanda gyaran ya rataya a wuyansa, a kuma ajiye tarihinsa cikin na'urar saboda ranar da babu sabis. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ku koyi rubuta wannan saƙo da Hausar da ɗan kasuwa zai gane.