Zauren Kwamfuta: Adireshin da aka yanke wa kai

Yau za mu ba ku labarin kuskuren da ya kusa jawo mana asarar maki 30 a aikin rukuni.

Mun rubuta manhajarmu da yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Daɗin Python shi ne yana kula da ma'adanar kwamfuta da kansa: ya ware wuri, ya share in an gama. Amma don sauri, sai muka sa shi yana kiran wani laburare da aka rubuta da yaren C, ta hanyar ctypes. Shi kuwa C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, ba ya riƙe hannun kowa. Duk adireshin da ka ba shi, can zai nufa.

A tsohuwar kwamfutar ɗaya daga cikinmu komai lafiya lau. Ana gobe za mu gabatar, muka gwada a wata sabuwa. Nan take manhajar ta mutu, ta bar mana kalmomi biyu kacal: "Segmentation fault". Ma'anarsu, ta taɓa wurin da ba nata ba, sai tsarin kwamfutar ya kashe ta.

Da farko mun yi ta canje-canje da ka, muka ɓata awa uku a banza. Daga baya muka natsu. Muka kunna faulthandler, wanda ke cikin Python tun siga ta 3.3, ya nuna mana layin da aka faɗi: wurin da muke mayar wa C adireshin da ya ba mu. Sai muka buga adireshin sau biyu, a cikin C da kuma a Python. Ashe ba su yi daidai ba!

Ga dalilin. Idan ba ka faɗa wa ctypes irin amsar da za ta dawo ba, yana ɗauka lamba ce mai bit 32. A tsohuwar kwamfutar adireshi bit 32 ne, sai ya shige daidai. A sabuwar kuwa bit 64 ne, don haka aka yanke rabinsa na farko. Kamar a ba ka lambar waya mai alƙaluma 11 a goge biyar na farko, a ce ka kira. Layi biyu suka gyara komai: muka sa restype da argtypes su zama c_void_p.

Don haka ƙannenmu, in manhaja ta faɗi, kada ku fara da zato. Ku nemo layin, ku buga abin da ya shiga da abin da ya fito, ku kwatanta. Kuma ku gwada aikinku a kwamfuta fiye da ɗaya tun da sauran lokaci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.